Yadda Masu Tsofaffin Motoci Suka Hana Sunan MG Mutuwa

 Waɗanda data ba ta bar su sun saurari muryar ba, ga rubutun nan kamar yadda muka saba.

Yau maganar mota za mu yi, kuma Ingila za mu leƙa. A watan Yuli na 2024, a bikin motoci da ake yi duk shekara a Goodwood da ke kudancin Ingila, an kafa wani dogon ƙarfe a gaban babban gidan wurin, aka ɗora motoci biyu a sama. Ɗaya tsohuwar MGB ce, irin wadda aka fara ƙerawa a 1962. Ɗayar kuma sabuwa ce fil mai suna Cyberster, mai aiki da lantarki. Dukkansu kujera biyu gare su, dukkansu ana naɗe rufinsu, dukkansu suna ɗauke da tambarin MG. Bikin cikar sunan shekara 100 ake yi.

To ga abin tambaya. An rufe masana'antar MG ta asali tun 1980. Kamfanin da ya gaji sunan ya karye a 2005. Yanzu sunan yana hannun wani kamfani na ƙasar Sin. Ta yaya suna zai sha wannan wahalar duka, amma har yau ya kasance yana da darajar da za a zuba maƙudan kuɗi a ƙera masa sabuwar mota? Babban ɓangare na amsar yana wurin wasu mutane da ake yi wa kallon marasa aikin yi: 'yan kulob ɗin tsofaffin motoci, masu fita yawo a jere ranar Lahadi.

Mece ce rodista?

Bari mu fara daga nan, don kada mu bar kowa a baya. Rodista ƙaramar mota ce mai kujera biyu, ƙasa-ƙasa, wadda ake buɗe samanta iska ta riƙa dukan mutum. Ba ta ɗaukar iyali, ba ta ɗaukar buhu, but ɗinta da ƙyar ya ci jaka biyu. Don jin daɗin tuƙi kawai aka yi ta. Sirrinta yana cikin rashin nauyi. Idan mota ba ta da nauyi, ƙaramin inji ma ya ishe ta, birki yana kama ta da wuri, kuma tana bin sitiyari a kwana ba gardama.

Turawan Ingila sun shahara da irin wannan mota, duk da ƙasarsu ruwan sama ba ya ɗaukewa. MG ta samo asali ne daga wani garejin sayar da motoci a Oxford mai suna Morris Garages, daga nan haruffan biyu suka fito. Manajan wurin, Cecil Kimber, shi ya fara ɗaukar motocin Morris na yau da kullum yana sauya musu jiki yana ƙara musu kuzari a shekarun 1920. A 1929 aikin ya koma garin Abingdon. Shekara ɗaya bayan haka, a 1930, masu motocin suka kafa MG Car Club. Ka ga ke nan kulob ɗin kusan sa'an kamfanin ne.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka da suka zauna a Ingila suka koma gida da son waɗannan ƙananan motoci, Amurka ta zama babbar kasuwarsu. MGB ce ta fi kowacce karɓuwa. Injinta lita 1.8 ne, ƙarfinta wajen doki 95, nauyinta bai kai tan ɗaya ba. Daga 1962 zuwa 1980 an ƙera sama da 500,000, idan aka haɗa da mai rufin ƙarfe.

Me ake yi a fitar kulob?

Wanda bai sani ba zai ɗauka tsere ake yi. Yawanci babu tsere a ciki. Ana sa rana, a haɗu da safe a wani fili, a raba wa kowa takardar hanya mai nuna inda za a bi da inda za a juya. Sai a kama ƙananan hanyoyin ƙauye a jere, a tsaya shan shayi, a ƙare a wani gidan tarihi ko bakin teku. Da an tsaya sai a ɗaga bonet, a kewaye inji ana hira. Wannan ya ce tawa tana zafi a go-sulo, wancan ya ce duba famfon ruwa. Idan motar wani ta mutu a hanya, ba a wuce shi. Nan take za ka ga an fito da sifana da fulogi daga but ɗin wasu.

Fitar da ta fi kowacce tsufa a duniya ita ce ta Landan zuwa Brighton, kuma labarinta yana da ban dariya. A 1865 Birtaniya ta yi dokar da ta ce abin hawa mai inji kada ya wuce gudun mil 4 a awa a bayan gari, mil 2 a cikin gari, kuma sai wani mutum ya riƙa tafiya a ƙasa a gabansa riƙe da jar tuta. Mil 4 a awa fa, wato saurin mai tafiyar ƙafa da ya makara. A 1896 aka sassauta, aka ɗaga gudun zuwa mil 14. Don murna, ranar 14 ga Nuwamba na shekarar masu motoci suka yi jerin gwano daga Landan zuwa Brighton. A 1927 aka farfaɗo da tafiyar, kuma har yau ana yin ta ranar Lahadin farko ta watan Nuwamba. Motar da aka ƙera kafin 1905 kaɗai ke shiga. Ana tashi daga Hyde Park da fitowar rana, bayan an yaga jar tuta don tuna baya, a yi tafiyar kusan mil 60, wajen kilomita 96 ke nan. Ba a yarda matsakaicin gudun mutum ya wuce mil 20 a awa ba. Isa Brighton kafin a tashi shi ne nasarar.

Akwai kuma ranar da ake kira Drive It Day a watan Afrilu, wadda tarayyar kulob-kulob ɗin tsofaffin ababen hawa ta Birtaniya ke shiryawa. Saƙon ranar ɗaya ne: fito da ita daga gareji, ka hau titi mutane su gani.

Wannan fitar tana da amfanin da ya wuce nishaɗi. Mota ba ta son ajiya. Idan ta daɗe a tsaye robobinta suna bushewa, birki ya kama, mai ya lalace a tanki, tsatsa ta ci ƙasanta. Sanya ranar fita yana tilasta wa mai ita ya gyara ta. Gyara yana buƙatar kaya, buƙatar kaya tana riƙe masu sayarwa, masu sayarwa suna riƙe masu ƙerawa. Kulob ɗin kuma yana ajiye rajistar motoci da lambobinsu, yana buga mujalla, yana adana littattafan gyara, yana haɗa sabon shiga da tsohon bakanike. Ilimin da zai bi dattijo kabari sai ya samu inda zai zauna.

Ranar da aka rufe Abingdon

A shekarun 1970 abubuwa suka fara taɓarɓarewa. Amurka ta tsaurara dokokin hayaƙi da na kariya daga haɗari. Don a bi dokar, a 1974 aka cire wa MGB bambarta ta ƙarfe mai ƙyalli aka sa mata baƙa ta roba mai nauyi, aka kuma ɗaga ta sama kaɗan. Kyanta ya ragu, riƙon hanyarta ya ragu, injin da ake kai wa Amurka ya rasa ƙarfi. Ga kuma sababbin abokan hamayya irin su Volkswagen Golf GTI ta 1976, wadda ke da gudu, ke da rufi, kuma take ɗaukar mutum huɗu. Uwar kamfanin, British Leyland, tana fama da asara da yajin aiki, ba ta zuba kuɗin sabunta motar ba.

A watan Satumba na 1979 garin Abingdon ya yi shagalin cikar masana'antar shekara 50. Ana gama shagali, cikin 'yan kwanaki, aka sanar da cewa za a rufe ta. 'Yan kulob suka fusata. MG Car Club da MG Owners' Club, wadda aka kafa a 1973, suka yi gangami da zanga-zanga, amma hakan bai hana ba. A watan Oktoba na 1980 MGB ta ƙarshe ta fito, aka ja ƙofa. Triumph Spitfire ma a shekarar ta tsaya, TR7 ta bi ta a 1981. Masana kasuwa suka yanke hukuncin cewa zamanin ƙaramar rodista mai araha ya wuce.

To amma 'yan kulob ba su watse ba. Suka ci gaba da fita, suna gyara, suna neman kaya. Buƙatar ta yi yawan da a 1988 wani reshe mai suna British Motor Heritage ya nemo ainihin ƙarafan da ake buga jikin MGB da su a da, ya fara buga sabon bodi. Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan. Shekara takwas da daina ƙera mota, amma mutum zai iya sayen sabuwar gangar jikinta, ya kwashe inji da giya daga tsohuwar da tsatsa ta cinye ya mayar ciki. Babu kamfanin da zai yi wannan ɗawainiya in ba ya ga layin masu saye ba.

Japan ta ga abin da Ingila ta zubar

A daidai lokacin da Ingila ke rufe ƙofa, wani ɗan jaridar motoci Ba'amurke mai suna Bob Hall ya ba wa Kenichi Yamamoto, babban injiniyan Mazda, shawara a 1979: ku ƙera ƙaramar rodista irin ta Ingila. Daga baya Hall ya koma aiki da Mazda a Kalifoniya. Lissafinsu mai sauƙi ne. Mutane ba su daina son irin wannan mota ba, ga su nan suna wahala da tsofaffi duk ƙarshen mako. Abin da ya gundure su shi ne ɗigar mai, matsalar waya, da rufin da ke yoyo. A ba su daɗin tuƙin, a cire musu ciwon kan.

A watan Fabrairu na 1989, a baje kolin motoci na Chicago, Mazda ta fito da MX-5, wadda Amurkawa ke kira Miata. Duk wanda ya san Lotus Elan ta shekarun 1960 ya ga kamanninta a jikin sabuwar. Inji lita 1.6 a gaba, tayoyin baya ke turawa, nauyi ƙasa da tan ɗaya, rufin da ake ja da hannu ɗaya. Injiniyoyin sun yi aiki da wata kalmar Japananci, jinba ittai, ma'ana doki da mahayi su zama abu ɗaya. Wanda ya taɓa ganin gwanin mahayi a hawan sallah, yadda doki ke juyawa kafin ka ga an ja linzami, ya fahimci abin da suke nufi.

Motar ta yi kasuwa fiye da zato. A shekarar 2000 kundin Guinness ya sa ta a matsayin motar wasa mai kujera biyu mai buɗaɗɗen sama da aka fi sayarwa a tarihi, kuma a 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya. Sauran kamfanoni suka farka, BMW ta fito da Z3, Porsche ta fito da Boxster.

Su ma masu sunan MG suka farka. Tunda ga sabon bodi ana bugawa, a 1992 kamfanin Rover ya ɗauke shi ya gyara masa fasali, ya sa masa injin V8 mai lita 3.9, ya kira motar MG RV8. Kusan 2,000 aka yi, kuma mafi yawansu Japan aka kai. Wato bodin da aka dawo da shi saboda masu gyaran tsofaffi, shi ya zama tsanin dawowar kamfanin. A 1995 kuma, a baje kolin Geneva, aka ƙaddamar da MGF, sabuwa tun daga tushe, da inji a bayan direba.

Daga Longbridge zuwa Shanghai

Daɗin bai daɗe ba. A watan Afrilu na 2005 MG Rover ya durƙushe, ma'aikata kusan 6,000 suka rasa aiki a masana'antar Longbridge da ke Birmingham. Kamfanin Nanjing na ƙasar Sin ya sayi abin da ya rage, sannan a 2007 ya shiga ƙarƙashin SAIC na Shanghai. Shekaru da dama bayan nan, abin da aka fi sanin MG da shi shi ne motocin iyali masu sauƙin kuɗi da masu lantarki. An daina ƙera rodistarsu ta ƙarshe, TF, a 2011.

Sai a watan Afrilu na 2023, a baje kolin Shanghai, aka yaye wa Cyberster mayafi, ta shiga kasuwar Birtaniya a 2024. Ƙofofinta sama suke ɗagawa kamar almakashi. Batirinta kilowat-awa 77 ne. Akwai mai mota ɗaya ta lantarki da ke tura tayoyin baya, akwai mai biyu da ke tura duka huɗun da ƙarfin doki kusan 500, wadda ke kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 3.2. A 2024, farashinta a Birtaniya ya fara daga kusan fam 55,000.

Me ya sa kamfanin da ke cin riba a motocin iyali zai shiga wannan ƙaramar kasuwa? Saboda abin da SAIC ya gada ya fi ƙarfe da gini. Ya gaji suna, kuma sunan nan a zukatan mutane yana nufin ƙaramar jar mota mai buɗaɗɗen sama a hanyar ƙauye. Waɗanda suka riƙe wannan hoton tsawon shekarun da babu sabuwar rodista su ne 'yan kulob, da kuɗin aljihunsu. Shi ya sa ranar biki aka ɗora MGB kusa da Cyberster. Sabuwar tana buƙatar tsohuwar ta tsaya mata shaida.

Gardamar da ake yi

Ba kowa ne ya yi tafi ba. Masu suka suna cewa Cyberster ta kusa tan biyu, wato ninki biyu na MGB, alhali rashin nauyi shi ne ruhin rodista. Suna cewa babu ƙarar inji, babu canza giya, kuma farashin ya fi ƙarfin irin matashin da MG ta saba yi wa mota. Wasu kuma ba su ji daɗin cewa a ƙasar Sin ake ƙera ta ba.

Masu goyon baya suna cewa duniya ta juya. Birtaniya ta riga ta sa wa kanta wa'adin daina sayar da sababbin motoci masu amfani da fetur zalla, don haka rodistar da za ta rayu dole ta koyi zama da batir. Suna kuma tuna wa mutane cewa MGB mai bambar roba ma an yi mata dariya a zamaninta, yau ga ta ana fita da ita cikin jeri ba wanda ke korar ta.

Ni tambayar da ta fi damuna daban ce. MGB ta rayu ne saboda mutum mai sifana da littafi zai iya kwance ta ya ɗaura a garejin gidansa. Motar lantarki ta zamani kuwa batir ce mai wutar da ke iya kisa, da kwamfutoci, da manhajar da kamfani kaɗai ke riƙe da makullinta. Nan da shekara 40, idan kamfanin ya daina kula da ita, shin kulob zai iya raya ta? Amsar ta dogara da ko za a saki bayanan gyara, da ko za a samu masu sabunta batir masu zaman kansu. Idan ba a samu ba, za a iya wayar gari motar 1965 tana yawo a titi, ta 2024 tana ajiye a gidan tarihi.

Akwai kuma masu cewa tsofaffin motoci suna gurɓata iska. Gaskiya ne injinsu ya fi na zamani hayaƙi. Sai dai binciken da tarayyar kulob-kulob ɗin Birtaniya ta fitar a 2020 ya nuna matsakaicin tafiyar irin waɗannan motoci wajen mil 1,200 ne kacal a shekara. Binciken ya ƙiyasta cewa harkar tana juya fam biliyan 7.2 a shekara, tana riƙe da ayyuka sama da 34,000, daga makanikai zuwa masu ɗinkin kujera da masu fenti. Gwamnati ma ta san da zamansu: motar da ta haura shekara 40 ana yafe mata harajin hanya, kuma yawanci ba a tilasta mata gwajin lafiyar mota na shekara-shekara.

Kafin mu rufe, bari in taɓo gida kaɗan, don mu ma muna da motar da ta kai wannan matsayi. Tun 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna, kuma 504 ta yi shekaru tana fitowa daga can bayan an daina yin ta a Faransa. Ita ce motar gwamnati, ita ce ta haya, ita ce ta kai amarya. Yau masu tara tsofaffin motoci a Turai suna daraja ta, mu kuma da yawa tana bayan gida kaji na ƙwai a ciki, ana jiran 'yan gwangwan su zo su auna ta a kilo. Makanikan da suka san ta ciki da waje suna tsufa. 'Yan kulob ɗin MG ba da kuɗi suka fara ba, da haɗuwa suka fara: a san wa ke da me, wa ya iya me, a sa ranar fita.

To jama'a, a nan za mu dakata. Ku faɗa mana a ƙasa, wace tsohuwar mota ce a gidanku, kuma tana tashi ko ta kwanta? Sannan idan aka ajiye maka MGB ta 1965 da Cyberster aka ce ɗauki makulli ɗaya, wanne za ka ɗauka, kuma me ya sa? Za mu karanto wasu amsoshin a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Ku tura wa abokin nan naku da ba ya gajiya da maganar mota.